Kyautar kuɗi don a zana unguwar tasha kawai, ba gini ba kwalta: cin kuɗi ne ko aiki?

Wani ƙanenmu daga Ngaundere a Kamaru ya turo tambaya, ga ta a taƙaice: "Kawu, na ji wai a Amurka gwamnati na ba birane kyautar kuɗi ba don su gina komai ba, don dai su zauna su tsara yadda unguwannin gefen tashar jirgi ko ta bas za su kasance. Wannan ba hanyar cin kuɗi ba ce kuwa? A nan wajenmu akwai irinsa? Ni rumfata tana kusa da gar, wato tashar jirgin ƙasa, in aka zo da irin wannan tsarin ba mu za a fara kora ba?"

Toh ƙanena, abin da ka ji gaskiya ne, ba labarin shayi ba ne. Ni aikin tsara birni na yi har na aje, galibi a ofishin fasaha na meri, wato hukumar magajin gari, don haka zan faɗa maka yadda na san abin, da inda nake ganin yana da amfani da inda nake ganin in aka kwaso shi aka dasa mana yadda yake ba zai kama ba.

Na Amurkan dai hukumar sufurin jama'a ta tarayya, wadda suke kira FTA, ita ke raba shi. Wata dokar sufuri ta 2012 ce ta kafa shirin, sannan babbar dokar ayyukan more rayuwa ta 2021 ta ci gaba da shi da kuɗi kusan dalar Amurka miliyan 70 na shekara 5. Kar adadin ya ruɗe ka, a wajensu wannan ba komai ba ne, kilomita ɗaya ta jirgin ƙarƙashin ƙasa ta fi haka tsada. Gari ɗaya yakan samu 'yan ɗaruruwan dubbai zuwa miliyan 1 ko 2. Kuma ba a ba ka haka kawai don ka iya rubuta wasiƙa. Dole akwai aikin layin jirgi ko layin bas mai hanyarsa ta kansa da ake shirin yi, dole mai nema ya haɗa kai da hukumar da ke da iko kan filaye da izinin gini a wurin, kuma bisa al'ada tarayya kashi 80 take biya, gari ya nemo kashi 20 daga aljihunsa. Wannan sharaɗin na biyu shi ne zuciyar abin, dan an daɗe ana ganin masu jirgi suna nasu, masu ba da izinin gini suna nasu, a kashe maƙudan kuɗi a gina tasha sannan a waiga a ga ba abin da ke gefenta sai filin ajiye motoci da katangar sito.

Tunanin da ke bayansa mai sauƙi ne. Mutum yakan yarda ya taka da ƙafa minti 5 zuwa 10 ya hau mota, wato mita 400 zuwa 800. In ya wuce haka sai ya nemi abin hawa ko ya fasa. Saboda haka duk abin da ke cikin wannan da'irar, gidaje nawa ne, shaguna nawa, makaranta, asibiti, hanyar ƙafa akwai ko babu, shi zai nuna ko tashar za ta cika ko za ta zama kango. Wani mai zanen birane Ba'amurke, Peter Calthorpe, shi ya yaɗa wannan tunanin a littafinsa na 1993, amma tun kafin shi mutanen Kuritiba a Brazil sun riga sun yi a aikace. Magajin garinsu Jaime Lerner ya buɗe layin bas mai hanyar kansa a 1974, kuma ba bas ɗin ne abin mamaki ba, doka ce suka yi cewa dogayen benaye a bakin layin kaɗai za a yi su, kana nisa da layin gini na raguwa. Yau in ka ga hoton garin daga sama za ka iya nuna inda bas ke bi ba tare da ka ga bas ko ɗaya ba. Haka Alinton kusa da Washinton, a shekarun 1960 sun dage jirgin ya bi ta ƙarƙashin tsohon titin kasuwancinsu maimakon tsakiyar babbar hanya duk da ya fi tsada, suka tsara gefen tashoshi 5 tun jirgin bai fara gudu ba, wannan ɗan zirin ya zama inda ofisoshi da benayen haya suka taru.

Yanzu batun cin kuɗi. Ba zan ce maka ba a ci ba, ni da kai mun san abin da ake kira etid a ƙasar nan, wato binciken da ake yi kafin aiki, a ba wani kabine, wato kamfanin masu binciken, daga Yawunde ko Duwala kwangila, ya turo yara biyu su kwana uku a otel su ɗau hotuna, bayan wata shida a kawo littafi mai kauri mai bango mai sheƙi, a yi taro a ci nama a sha lemo, littafin ya shiga kabad har gara ta gama da shi. Wannan akwai. Amma laifin na wanda ya rubuta sharuɗɗan aikin ne da wanda ya karɓa ya sa hannu bai karanta ba. Etid na ƙwarai yana da alamomi, kuma ko kai da ba ka yi makarantar ba za ka gane shi da ido. Za ka ga samari da takarda da biro a bakin tasha tun asuba suna ƙirga mutum nawa ya shiga, nawa ya fita, moto, wato babur na haya, nawa ke tsaye a kowace awa, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, da damina da rani. Za ka ga mai awo da sandarsa yana bin inda ruwa ke kwanciya. Za a zo rumfarka a tambaye ka sunanka, me kake sayarwa, shekara nawa kana wurin, wa kake biya tike, a auna faɗin rumfar a ɗau hotonka a gabanta. Sannan wani zai je ofishin filaye ya zauna ya tono wane fili ne na gwamnati, wane ne na kamfanin jirgi, wane ne mai titir fonsiye, wato takardar mallakar fili, wane ne takardar jauro, wato mai unguwa, kawai ke gare shi. Wannan na ƙarshen shi ya fi cin lokaci kuma shi ake tsallakewa, dan in aka tono ana samun sunayen manya a kan filin da kowa ke zaton na jama'a ne.

A Kamaru ba mu da asusu na musamman mai wannan sunan, amma ƙofofin da gari zai ƙwanƙwasa akwai su. Na farko doka ta riga ta ba da kayan aikin. Dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 ta kawo takardu iri huɗu: babban tsarin gari da ake kira PDU, tsarin amfani da fili wato POS, tsarin yanki ɗaya wato plan de secteur, da taƙaitaccen tsari na ƙananan garuruwa. Na ukun nan shi ne daidai unguwar tasha, ana iya yanke mita 800 kewaye da gar a ce ga inda hanya za ta bi, ga kanibo, wato magudanar ruwa, ga wurin moto, ga inda aka yarda a yi bene mai hawa 3 da shago a ƙasa, ga inda ba wanda zai sa bulo. Dokar ta kuma ba hukuma haƙƙin ta riga kowa saye in mai fili a irin wannan yankin zai sayar. Kuɗin kuma, akwai FEICOM da aka kafa a 1974, wanda shi ne kamar bankin kananan hukumomi, yana haɗa kyauta da bashi kuma yakan nemi gari ya sa nasa kason. Akwai ma'aikatar gidaje da raya birane, MINHDU, da ke ɗaukar nauyin wasu takardun tsari daga kasafin gwamnati. Akwai C2D, bashin Faransa da aka mayar kuɗin ayyuka tun 2006, wanda ta cikinsa aka yi shirin manyan biranen jihohi, Garwa na rukunin farko tare da Bafusam da Bertuwa, Marwa ta shigo daga baya tare da Bamenda. Sai Bankin Duniya, shirinsa na birane PDVIR da aka amince da shi a 2017 ya haɗa da Ngaundere da Marwa da Kusiri, kuma a 2022 ya amince da kuɗin layin bas na Duwala. Dokar ƙananan hukumomi ta Disamba 2019 ta ƙara tabbatar da cewa tsara gari aikin meri ne, don haka magajin gari ba zai ce maka sai Yawunde ta ce ba.

Abin da ke kashe dosiye, wato takardun neman kuɗin garuruwanmu, ba rashin mai bayarwa ba ne, abu biyu ne da na gani ido da ido: kason gari ba a sa shi a kasafi ba sai ranar da aka ce a kawo, da kuma filin da aka nuna wa mai ba da kuɗi ashe ba na meri ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai kuɗi in ya ga rigimar fili ba ya jayayya, naɗe takardunsa yake ya tafi garin da ya shirya.

Amma ga inda nake rabuwa da wasu abokan aikina masu son kwafo na Turawa. Duk wannan lissafin na mita 800 an gina shi ne kan jirgi ko bas da ke zuwa kowane minti 5 ko 10 tun safe har dare. Shi ya sa mutum zai biya haya mai tsada don ya zauna kusa. Gar ɗin Ngaundere ba haka take ba. Layin dogon ya iso garin a 1974, kilomita 622 daga Yawunde, kuma na fasinja jirgin dare ne, ya tashi da yamma ya kwana a hanya. Kai da ke wurin ka fi ni sani: da safe in ya iso wuri ya kacame, masu moto sun yi dafifi a bakin ƙofa, 'yan dako na rige-rigen buhu, yaran ajans, wato kamfanonin motocin fasinja, na kiran Garwa Marwa Kusiri, mata masu zuma da masu kilishi da fiya kowa na ɗaga nasa, mai shayi ba ya ko ɗaga kai. Bayan awa biyu in ka dawo sai ka ga akuya kwance a inda ɗazu ba wurin sa ƙafa. Da yamma a sake. Ba wanda zai kama ɗaki kusa da gar don ya riƙa zuwa aiki da jirgi, ina zai je? Don haka in kabine ya zo maka da hoton benaye masu gilashi da mutane na yawo da keke a gefen gar, ka san daga intanet ya ɗauko.

Ƙarfin gar ɗinku a kaya yake. Nan ne dogo ya ƙare, duk abin da zai wuce arewa da Chadi daga jirgi sai an sauke an ɗora wa tirela, shanu kuma su yi kudu. Tsarin da ya dace da ita shi ne wanda zai raba hanyar manyan motoci da ta masu ƙafa, ya ba direbobin da ke kwana suna jiran lodi wurin ajiye mota da banɗaki da masallaci da wurin cin abinci, ya sa fasinjan da ya sauka ya samu motar arewa ba sai ya ɗau kaya a ka ya tsallaka titi ba. Kuma tunda an daɗe ana maganar miƙa layin zuwa Njamena, mai hankali zai ware hanyar da zai bi tun yanzu a hana gini a kai, dan rusa gidan da aka bari aka gina shi ne mafi tsadar abu a duk aikin birni.

Tasharmu ta gaskiya, wadda ke aiki daga asuba zuwa dare kamar yadda Turawan ke nufi, ita ce tashar mota da mahaɗar 'yan moto. Dubi inda ake lodin Dang, ɗalibai na kai da kawowa wajen kilomita 15 kullum. Dubi bakin babbar kasuwar Garwa ko ta Marwa, ko gadar Ngeli tsakanin Kusiri da Njamena inda mutane ke ƙetarawa da safe su dawo da yamma. Nan ne jama'a ke zuba ba yankewa, nan ne fili ke tsada, kuma nan ne ba wanda ya taɓa zama ya zana komai, shi ya sa mai gyaran taya da mai tuwo da mai canji da moto 50 duk suna kan mita 20 ɗaya, ruwan sama in ya zo ya bi ta cikin shaguna. Ni da za a ba ni kuɗin etid ɗaya tak in zaɓa, a irin wannan wurin zan kashe shi.

Akwai wani kuskure da ake ta maimaitawa, na gan shi a wani gari da ba sai na kira suna ba. An ga tasha ta cushe a tsakiyar gari, aka ce a fitar da ita. Aka samu fili a bayan gari inda ba rigima, aka zuba kuɗi aka yi katanga da rumfuna da jerin butik, wato shaguna, masu ƙofar ƙarfe, aka yanka kirtani aka yi tafi. Ba wanda ya ƙirga cewa fasinja zai ƙara biyan kuɗin moto zuwa da dawowa, wani sa'in kusan rabin kuɗin motar da zai hau. Ajans ajans suka ƙi tashi, kowa ya ci gaba da lodi a garejinsa na cikin gari, ƙananan direbobi suka koma lodi a bakin hanya suna wasan ɓuya da 'yan sanda, butik ɗin kuma waɗanda suka karɓa ba 'yan kasuwar tsohuwar tasha ba ne, ma'aikata ne da 'yan uwan kansiloli da suka karɓa don su bayar haya, ba mai haya, ciyawa ta fito a ƙofa. Bashin da aka ci kuwa ana nan ana cire shi daga kason garin. Da an kashe kashi kaɗan na wannan kuɗin an tsaya an tambayi direba da fasinja da mai rumfa, da ba a kai nan ba. To kaga amsar tambayarka ta farko kenan.

Saura ta uku, wadda na san ita ta hana ka barci. Eh, ana kora. Ba zan yi maka daɗin baki ba. Kuma ba a nan kaɗai ba, duk inda aka gyara gefen tasha fili na tashi, haya na tashi, wanda ya raya wurin da ƙaramar sana'arsa shi ake fara cewa ya ɓata kyan wuri. Ko a Amurka yanzu rigimar da suke yi kenan, shi ya sa a 2023 da 2024 masu ba da kyautar suka fi karkata ga garin da ya sa gidaje masu sauƙin haya cikin tsarinsa. A wajenmu abin ya fi zafi dan dokar karɓar fili don amfanin jama'a ta 1985 ta fi sanin mai takarda, kai da ke kan filin gwamnati ko na dogo da tiken meri kawai a hannu, matsayinka a gabanta mai rauni ne.

Amma akwai gata ɗaya da mutane ba su sani ba. In kuɗin na Bankin Duniya ne, ƙa'idarsu ta 5 kan karɓar fili da tsugunar da mutane ta ce ko wanda ba shi da takarda, matuƙar yana wurin kafin ranar rufe ƙidaya, sai an biya shi abin da ya gina an kuma taimaka masa ya mayar da sana'arsa. Ba za a biya ka ƙasar ba tunda ba taka ba ce, amma rumfa da asarar ciniki suna ciki. Sauran manyan masu ba da kuɗi ma suna da makamancin haka. Duk maganar tana kan wannan ranar ta rufe ƙidaya. Wanda sunansa ya shiga rajista ya shiga, wanda ya yi tafiya ƙauye ranar ya bar yaro a rumfa yaron ya ba da nasa sunan, shikenan, sai dai a yi ta kai ƙara. Kuma da zarar an ji ƙishin-ƙishin za ka ga sabbin rumfunan kwano sun tsiro cikin dare, na masu son a biya su, su ne ke ɓata lissafi har a fara zargin na gaskiya.

Shi ya sa nake ce wa 'yan kasuwa kar ku jira kabine. Ku da ƙungiyarku ku yi naku rajistar tun yanzu da ba a fara komai ba, suna, sana'a, faɗin rumfa, hoto, shekarar da mutum ya zo, a kai wa jauron unguwa ya sa hannu, a ajiye kwafi wajen sufurefe, wato wakilin gwamnati a gunduma, da meri a karɓi tambarin shigarwa. Tiken kasuwa da rasit ɗin patanti, wato harajin sana'a, kar ka yar, ko na shekara 10 ne ka sa a leda, su ne shaidarka. Kuma ku sa masu talla a kai da mata masu abinci a ciki duk da ba su da rumfa, dan su ake mantawa kullum, ga shi su ne ba su da inda za su faɗa.

In kuma kun ji meri ta nemi irin wannan kuɗin ko ta samu, ku je ku nemi a nuna muku takardar sharuɗɗan aikin, wadda suke kira TDR, tun kafin a ba da kwangilar. Zaman kansiloli a buɗe yake ga jama'a, kuma kuna da kansila da kuka zaɓa, ku sa shi ya tambaya. Ku duba ko an rubuta ƙidayar masu sana'a a ciki, ko an rubuta taron jin ra'ayi da Fulatanci da Hausa a bakin tasha ba da Faransanci a otel ba, ko an ce wurin moto nawa za a ware, dan tsarin da ya yi kamar babu moto a Ngaundere ba na Ngaundere ba ne. Ku nemi a rubuta cewa sabbin shaguna waɗanda ke cikin rajista za a fara ba, a kan hayar da aka faɗa a takarda, kuma a nuna inda za ku zauna lokacin da ake aikin, dan wata 18 ba ciniki ya isa ya cinye jarin mai rumfa ko da daga baya an ba shi shago mai tayil. Sannan ku tambaya wa zai sa hannu tsarin ya zama doka bayan an gama, dan plan de secteur da kansiloli ba su zauna a kansa ba, hukuma ba ta amince da shi ba, ba ya hana kowa gini, mai kuɗi zai zo da izininsa ya kafa sito a daidai inda aka zana muku kasuwa.